Tsakuwar da na ɗauka wata goma sha tara

Ina da shekara 12, a 1988, aka yi wa mahaifina aikin tsakuwar ƙoda, Allah ya jiƙansa. Ranar da aka dawo da shi gidanmu a unguwar Birni, cikin Damagaram, Inna ta ce in riƙe mata fitila za ta wanke masa wurin. Yankan ya taso daga bayansa, ya bi ƙarƙashin haƙarƙari, ya zagayo har kusa da cibiya, an ɗinke shi da baƙin zare kamar bakin buhun gero. Wurin ya yi ruwa, ya ɗauki watanni kafin ya kame. Baba mutum ne da yake saɓa buhu shi kaɗai ya ɗora wa jaki, amma daga wannan aiki ko bokitin ruwa bai ƙara ɗauka ba tare da ya dafe kwiɓinsa ba. Har ya koma ga Allah cewa yake yi, tun da aka buɗe shi iska ta shige shi.

Na fara da wannan ne don a gane abin da ya sa ni, magini mai iyali, na naɗe takardar lokotoro na cusa a aljihu, na yi wata goma sha takwas ban koma ba.

Ciwon ya fara kama ni a azumin 2022, cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Damagaram yake kan ganiyarsa. Muna zuba kankare a saman wani bene a hanyar Tanut. Bayan azahar na ji kamar an soka mini rodi mai zafi a kwiɓin hagu, zafin ya gangaro mara har gabana. Na durƙusa, na miƙe, na kwanta a kan yashi, babu yanayin da ya yi mini daɗi. Na yi amai ba komai a cikina. Yaran aiki suka ɗora ni a kabu-kabu, ɗaya ya riƙe ni ta baya, suka kai ni wani ƙaramin asibiti. Aka yi mini allura, ciwon ya lafa, majo, wato ma'aikacin jinya, ya ce lallai in je a yi mini eko, wato hoton cikin jiki. Na je. Lokotoro ya goga abin a bayana, ya ce akwai tsakuwa, kuma girmanta ya wuce wadda ake sa ran ta fita da kanta, don galibi wadda ba ta kai milimita 5 ba ce take biyo fitsari. Ya ce mai yiwuwa sai an yi aiki. Daga kalmar aiki ban ƙara jin abin da ya faɗa ba. Baƙin zaren nan kawai nake gani.

Duk wanda ya san garinmu ya san ruwa abin lissafi ne. In rani ya yi, famfo ya yi kwanaki bai zo ba, sai dai 'yan garuwa da jarkoki a kura. A wurin gini ni ke sayen ruwan kwaɓa siminti da na jiƙa bulo, na san adadin jarkar da kowane aiki yake ci, amma ban taɓa lissafa ruwan da nake sha ba. In yini a rana, gumi ya bushe a rigata ya bar farin gishiri, abin da zai shiga cikina bai wuce moɗa biyu ba da shayi mai kauri zagaye uku. Da dare kuma tuwo da miya mai gishiri da dunƙule, wani lokaci kilishi. Fitsarina kullum ja kamar ruwan shayi, ni kuwa na ɗauka haka na kowane mai aikin ƙarfi yake. Daga baya aka fahimtar da ni cewa in fitsari ya yi kauri, gishirin da ke cikinsa yakan daskare ya haɗu, kamar yadda farin nan yake taruwa a gindin buta, har ya zama dutse.

Na shiga neman magani ta ko'ina ban da inda aka tura ni. Jiƙo, saƙe-saƙi, sassaƙe, wani ya ce kanwa tana narkar da shi, wani ya kawo mini garin magani daga ƙauye. In ciwon ya taso in sayi tramol ko ƙwayar ciwon jiki wajen masu yawo da magani a faranti, in haɗiya in koma kan aiki. Maiɗakina ta yi magana har ta gaji. Takan ce, “Malam, ka koma wurin lokotoron nan mana, ko don yaran nan.” In ce mata ai ina jin sauƙi.

Kuma da gaske wata rana ciwon ya ɗauke. Wajen ƙarshen 2022 na daina jin komai sai wani ɗan nauyi a bayana. Na yi sadaka, na gaya wa mutane jiƙo ya yi aiki, har na kwatanta wa wani mai irin ciwon inda zai samo shi. Wannan abu yana damuna har yau, don ban san yadda mutumin ya ƙare ba.

A watan Oktoba na 2023 zazzaɓi ya kwantar da ni, da rawar sanyi mai karkaɗa gado. Lokacin sauro ne, kowa ya ce shi ne, na sha maganin zazzaɓin cizon sauro har ya ƙare ba sauƙi. Fitsarina ya yi duhu yana wari. Babban ɗana, wanda yake karatu a Jami'ar André Salifou, bai nemi shawarata ba, ya kira mota ya ce, “Baba, tashi mu tafi.” Aka sake eko, aka bi da skanar. Lokotoron da ya duba ni ya juyo mini allon ya nuna mini ƙodar dama, ya nuna mini ta hagu. Ko ni da ban yi boko mai zurfi ba na ga bambanci: ta hagu ta kumbura, cikinta duk baƙin ramuka, ya ce ruwa ne ya taru.

Da ya ji ni magini ne sai ya yi mini bayani da abin da na sani. Ya ce daga kowace ƙoda akwai bututu da yake sauke fitsari zuwa mafitsara, tsawonsa santimita 25 zuwa 30, faɗinsa kuwa milimita 3 zuwa 4 ne kawai. Tsakuwata ta kai milimita 12, ta sauko ta cije a saman bututun. Ya ce, “Malam, in bututun gida ya toshe, ruwa ina yake komawa?” Na ce baya. Ya ce to haka fitsarina yake komawa yana danne naman ƙodar. Abin da ya fi girgiza ni shi ne da ya ce ɗaukewar ciwon nan da na yi wa sadaka alama ce ta cewa ƙodar ta gaji da turawa, ta fara sallamawa, ta dama kuma ta ɗauki aikin su biyu shi ya sa ban ji komai ba. Yanzu kuma ƙwayoyin cuta sun shiga ruwan da ya taru, in suka bi jini abin yakan kai ga rai. Ya ƙara da cewa irin ƙwayoyin ciwon jikin da na yi ta haɗiya ba bisa ƙa'ida ba su ma suna gajiyar da ƙoda.

Na ce masa ni dai ba za a yanka ni ba, na ba shi labarin Baba. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce yanzu ana fitar da irin wannan tsakuwa ba tare da an tsaga fata ko kaɗan ba, zai rubuta mini takarda zuwa wurin wani abokin aikinsa a Yamai. Na kwana biyar ana ƙara mini ruwa da allurai har zazzaɓin ya sauka.

Da a da ne, Kano mutanenmu da yawa suke nufa, don ta fi mana kusa nesa ba kusa ba. Amma a lokacin iyaka tana rufe tun bayan juyin mulkin da aka yi a Nijar a ƙarshen Yuli na 2023. Sai Yamai, kusan kilomita 900. Na sayar da babur ɗina. Maiɗakina ta sayar da ragonta na turka, ta roƙi a ba ta kwasar adashinta kafin lokacinta, ƙanina ya cika. Muka shiga kar, wato babbar motar fasinja, da asuba ni da ɗana, Takeita, Tasawa, Maraɗi, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, duk ramin da taya ta faɗa sai na ji shi a kwiɓina. Muka sauka wurin wani ɗan'uwanmu a unguwar Bukoki, cikin Yamai.

A can ne na ci karo da abin da ya fi mini wuƙa nauyi. Lokotoron, mutum ne da bai kai ni shekaru ba, ya ɗauko wani dogon ƙarfe siriri ya nuna mini, ya ce a bakinsa akwai fitila da idon kyamara. Na ce ta ina zai shiga? Ya ce ta hanyar fitsari. Ɗana yana wurin. Na sunkuyar da kai, shi ma ya gane, ya tashi ya fita ya ba mu wuri. Zan faɗi abin da na tambaya, don na san maza da yawa wannan tambaya ce take hana su zuwa, ba sa iya furta ta. Na ce, bayan an yi, zan iya komawa ga iyalina kamar da? Bai yi dariya ba. Ya zana mini a takarda: ga hanyar fitsari, ga mafitsara, ga bakin bututun da yake hawa zuwa ƙoda. Ya ce, “Malam, ramin da Allah ya riga ya yi za mu bi, ba za mu yanka komai ba, ba za mu taɓa jijiyar da kake tsoro ba.” Kuma bai ɓoye mini haɗarin ba. Ya ce zazzaɓi yana iya tasowa bayan aiki, ana iya ƙwarzanar bututun, wani lokaci tsakuwa takan gudu ta koma cikin ƙoda a sake shiga karo na biyu.

Da dare na kira kawuna, limamin unguwarmu, na gaya masa har da cewa akwai mata a cikin masu aikin. Ya ce, “Ɗana, wannan lalura ce, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar mata da magani. Ka je a yi, mu muna nan muna addu'a.”

Ba a fasa tsakuwar a karon farko ba. Saboda ruwan da ya taru ya gurɓace, sai aka fara zura wata siririyar roba mai laushi da suke kira sond JJ, don kowane bakinta a lanƙwashe yake, ɗaya ya maƙale a ƙoda ɗaya a mafitsara. Ta ratsa ta gefen tsakuwar, fitsarin da ya daɗe a tsare ya samu hanya. Abin da ya fito a kwana biyun farko ba na son in kwatanta shi. Na yi mako biyu ina shan magani, aka auna fitsari aka ga ya yi tsabta, sannan aka sa ranar aiki, cikin watan Nuwamba.

Ɗakin aikin da sanyi ƙwarai. Aka ce in zauna in rungume gwiwoyina, aka yi mini allura a gadon baya, ƙafafuna suka yi ɗumi, suka yi nauyi, daga cibiya zuwa ƙasa na daina jin nawa ne. Aka rufe ni da koren ƙyalle, wurin aikin kaɗai aka bari, kuma wallahi babu wanda ya kalle ni kallon da zai sa in ji kunya, kowa idonsa yana kan allo. Lokotoron ya ce in ina so in kalla. Na juya kai. Na ga wani rami mai ruwan hoda, jikinsa sumul, ruwa yana gudana a ciki, muna ta hawa kamar an shiga rijiya a kwance. Can sai ga ta. Ruwan ƙasa-ƙasa ce, jikinta duk ƙaya kamar ƙarangiya, naman da yake kewaye da ita ya kumbura ya yi ja. A allon ta cika ido kamar dutsen nan na tsakiyar Birni, alhali a zahiri ba ta fi ƙwayar gujjiya ba. Na ce a raina, wannan ce ta sa na sayar da babur.

Sai ya zuro wani zare ta cikin ƙarfen, sirantarsa ba ta kai rabin milimita ba, da ɗan ɗigon haske a bakinsa. Ya ce shi ne yake ɗauke da hasken leza, irin wanda ake kira holmiyom. Ya ɗora bakin zaren a jikin tsakuwar, ya taka wani abu da ƙafa, na ji injin yana tak-tak-tak. Ƙura ta tashi a cikin ruwan, kamar in ka sa guduma a tsohon yaɓe. Ya bar ruwa ya wanke, ya sake ɗorawa. Bai yi gaggawa ba, daga gefe yake cinta, yana juyawa, har ta tsage biyu, ta tsage huɗu. Ni da nake fasa dutse da hannuna na san aikin mai haƙuri in na gan shi. Gutsattsarin da suka ɗan yi girma ya kama su da wani ɗan kwando na waya mai buɗewa da rufewa, ya fito da su ɗaya-ɗaya. Da ya ture na ƙarshe, hanya ta buɗe, na ga duhun da yake sama, ya ce can ne ƙodar. Ya sa sabuwar roba. Duka-duka ba a cika awa ɗaya ba.

Da yamma ƙafafuna suka dawo, na sha kunu. Washegari na taka da kaina zuwa bakin titi.

A daren ne ɗana ya zauna kusa da ni yana karanto mini a wayarsa yana fassarawa. Ya ce tun 1976, shekarar da aka haife ni, wasu likitoci a ƙasar Suwidin suka fitar da tsakuwa ta ƙaramin huji a baya, kuma har yau ita ce hanyar da ake bi in tsakuwa ta wuce santimita 2. Ya ce a 1980, a birnin Munik na Jamus, aka fara fasa tsakuwa daga wajen jiki da bugun igiyar sauti, ba a shiga ko'ina. Na yi lissafi da yatsu. Shekara takwas ke nan kafin a yanka Baba. Na juya fuskata bango don kada yaron ya ga idona. Waɗanda suka yi wa Baba aiki sun yi iyakar abin da yake hannunsu, sun kuma ceci ransa, ban da abin cewa a kansu sai godiya. Abin da ya taɓa ni shi ne nisan da ke tsakanin inda abu yake da inda mai buƙatarsa yake. Ni ma da ban da babur da ragon turka, ban san yadda za ta kasance ba. Ina tuna mutanen Gure da Tanut da ƙauyukan Magariya, waɗanda zuwa Damagaram ma tafiya ce a wurinsu. Ina roƙon Allah ya nuna mana ranar da irin wannan inji da masu iya shi za su wadata a kowace jiha, a kuɗin da manomi zai iya.

Robar nan kuwa ba zan ce ta yi mini daɗi ba. Kowane ɗan lokaci ina jin fitsari, in je ya fito kaɗan da jini-jini, in na yunƙura in ji zafin ya hau har kwiɓi. Alwala ta zama aiki, sai na matso da ita dab da salla. An gaya mini duk wannan zai faru kuma zai wuce, an kuma rubuta mini ranar cirewa da jan biro. A layin jira na haɗu da wani dattijo daga wajen Tawa wanda aka sa wa irinta, ya ji sauƙi ya koma gida, ya bar ta fiye da shekara. Tsakuwa ta kama jikin robar daga sama har ƙasa, abin da za a cire cikin minti kaɗan ya zama aiki babba. Saboda shi na ƙi tafiya gida, na zauna a Bukoki mako biyu har ranar ta zo. Cirewar ba ta kai minti biyar ba. Na ga robar a faranti, shuɗiya, tsawon kamu ɗaya da ɗan ɗori.

Da muka iso gida, kafin in shiga ɗakina na wuce Birni wurin Inna. Idonta ya yi rauni yanzu. Bayan gaisuwa ta ce, “Matso, ɗaga rigar.” Na ɗaga. Ta sa tafin hannunta a bayana, ta bi ƙarƙashin haƙarƙari, ta zagayo har cibiya, daidai hanyar da ta yi watanni tana wankewa a jikin mijinta. Ta koma ta sake bi. Ta ce, “Ina wurin?” Na ce, “Inna, babu.” Ta ce, “To ba a yi ba ke nan.” Na ciro 'yar kwalbar da aka zuba mini gutsattsarin, na juye mata a hannu. Ta murza su da yatsa, ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce Allah ya jiƙan Malam, ta fara hawaye.

Bayan mako uku na koma kan gini. An auna tsakuwar an ce irin ta kalsiyom da oksalat ce, wadda ta fi yawa a cikin mutane, kuma wanda ya taɓa yi tana iya dawo masa. Lokotoro ya ce in sha ruwan da zai sa in fitar da fitsari lita 2 ko fiye a yini, in riƙa duba launinsa, in ya yi ja to ban sha ba. Ya ce in rage gishiri da dunƙule da yawan nama, in sassauta wa shayi mai kauri, in riƙa matsa lemun tsami a ruwa, kuma kada in bar nono da fura don tsoron kalsiyom. Da azumin 2024 ya zo na tambaye shi, ya yarda in yi, da sharaɗin in rarraba shan ruwa daga buɗa-baki har sahur, in kuma daina hawa saman bene da tsakar rana. Haka na yi.

Ƙodar hagu ba ta koma yadda take ba. Eko na baya ya nuna kumburin ya sauka, amma namanta ya yi siriri, tana aiki ne daidai gwargwado. Wata goma sha taran nan ne suka ci wannan naman. Duk shekara zan riƙa komawa a duba.

Yanzu in na yi lissafin ruwan aiki da safe, ina ƙara jarka biyu da ba a taɓawa don siminti, a ajiye su a inuwa a rufe da jiƙaƙƙen buhu. A watan jiya na ga ɗaya daga cikin yarana ya ajiye kwanon kankare ya dafe kwiɓi, ya lallaɓa bayan tarin bulo yana ɓare ƙwaya. Na karɓe ƙwayar, na bar wa mataimakina aikin, na tare mana kabu-kabu. A hanya yana ce mini, “Maigida, ni fa tsoron yanka nake.” Na ce ya bari mu ga abin da eko zai nuna tukuna. Tasa milimita 4 ce, ta fita da kanta a kwana na shida, ya kawo mini ita a ƙunshe cikin takardar siminti.